Wa ya yi aikin, mai sassaƙa ko rana?

Cikin bazarar bara wani yaron unguwarmu a nan Marwa, arewacin Kamaru, ɗalibin zane, ya jawo tsohon ƙyauren katako daga bayan ɗakin mahaifinsa ya shimfiɗe shi a tsakar gida. Ya yi masa baki da falanki ta kowane gefe, sannan ya kwaɓa baƙar lakar nan ta karal, wadda ake dashen masakwa a cikinta, ya zuba har ta kai kaurin yatsu uku. Rabi ya cuɗa da yashin da ya ɗebo daga Mayo Kaliyawo, rabi ya bar shi laka zalla. Ya ja karan dawa ta tsakiya sau ɗaya, ya wanke hannu ya tafi sabgarsa. Kwana uku rana tana dukan abin. Ɓangaren laka zalla ya dare gida-gida, gefen kowane gida ya naɗo sama kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ɓangaren mai yashi kuwa tsagarsa siririya ce kamar zare, sai ka sunkuya za ka gan ta. Inda karan ya bi, nan babbar tsagar ta bi.

Tsohon ya dawo daga masallaci ya tsaya a kansa.

"Kai, mene ne wannan ka ɓata mini ƙyaure da shi?"

"Aikin makaranta ne, Baba. Sassaƙa ce."

"Sassaƙa? To ina gizagon? Ai rana ce ta yi aikin nan, ɗana. Kai laka kawai ka kwaɓa."

Mun yi dariya, amma a nan gizo ke saƙa. Gardamar da masana fasaha suka shafe sama da shekara hamsin suna yi ke nan, tsohon ya faɗe ta a tsaye da carbi a hannu.

Matsalar farko ta kalma ce. Faransanci da Ingilishi suna da kalma guda da ta haɗe duk wani abu da aka siffanta mai tsawo da faɗi da kauri, wanda mutum zai iya zagayawa ya duba ta kowace fuska. Mu kuwa sana'a-sana'a muka raba. Masassaƙi yana da gizago, yana fitar da turmi da akushi da allo da ƙotar fartanya. Maƙeri yana da zuga-zugi da uwar maƙera. Mai ginin tukwane tana da yumɓunta, magini yana da tubalinsa. In kuma abin ya ɗauki kamar mutum sai mu ce mutum-mutumi, in ana bauta masa mu ce gunki. Zan riƙa cewa sassaƙa a nan da faffaɗar ma'ana, ko da babu gizago a wurin.

A tsohon tsarin Turai, sassaƙa mutum ne na dutsen mabul ko na tagulla, sau da yawa a kan doki, an ɗora shi bisa dakali a tsakiyar gari don a tuna da shi. Ana zaɓen dutse da tagulla ne saboda suna jure ruwa da rana, wato yanayi abokin gaba ne, aikin gwani shi ne ya rinjaye shi. Gumakan siminti da fenti da ake kafa mana a shataletalen garuruwa jikokin wannan tunani ne, shi ya sa da fentin ya fara ɓarewa sai su koma abin tausayi. Daga ƙarshen shekarun 1960 ne wasu masu fasaha a Amurka da Ingila da Italiya suka juya wa tsarin baya. Suka sauke aikin daga dakali, wasu ma suka fitar da shi daga ɗakin nuni gaba ɗaya zuwa hamada da bakin tafki da jeji. A 1979 masaniyar fasaha Rosalind Krauss ta rubuta cewa kalmar ta miƙe har tana neman ɗaukar kome da kome, saboda ramuka da tulin ƙasa da layukan da aka ja a sahara duk ana kiransu sassaƙa.

To in ba kama da mutum ake nema ba, ba kuma dawwama ba, da me za a gane ta? Ni a ganina hanya mafi sauƙi ita ce a duba rabon aiki. Mai sassaƙar zamani yana yin nasa, sannan da gangan ya bar wani kaso ga ƙasa ko ruwa ko wuta ko iska su ƙarasa. Wannan rabo gida huɗu ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hisabi ya ji ana cewa wannan harafi na wuta ne, wancan na ruwa, wane ɗabi'arsa ta ƙasa ce, wance ta iska. Asalin rabon ya koma ga masanin Girka Empedocles a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya biyo ta littattafan tibbu na Larabawa ya iso zaurukanmu. Kimiyya ta daɗe da wuce shi, amma mai aiki da hannu har gobe da waɗannan huɗun yake kokawa.

Ƙasa ce ta fi kusa da mu, kuma a kanta ne yankinmu yake da abin faɗa. Wanda ya bi hanyar Maga zuwa Pus a bakin kogin Logon ya ga ragowar ɗakunan mutanen Musgum, waɗanda suke kira telek. Laka ce da ciyawa, babu azara, babu ginshiƙi, babu katakon tallafi. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, yana lanƙwasowa ciki har ya haɗe a ƙololuwa, wani ya kai mita 9. A can sama an bar kafa don hayaƙi da zafi su fita, in hadari ya taso a rufe. Abin da ke ɗaukar ido shi ne ƙulle-ƙullen da suka lulluɓe jikin ɗakin layi-layi. Baƙo zai ce ado ne. Amma su ne matakalar da magini ke takawa yana ɗora gini, su ne mai ɗakin ke hawa in lokacin yaɓe ya zo, kuma su ne ke karya ƙarfin ruwan sama su rarraba shi kada ya tsaga hanya guda ya ci bangon. Marubucin Faransa André Gide da ya ratso wurin a 1926 ya ce aikin ya fi kama da na mai ginin tukwane bisa na magini. Telek ɗaki ne, a ciki ake kwana, ba don kallo aka yi shi ba. Sai dai siffarsa sulhu ce da aka ƙulla da nauyi da ruwan sama, kuma irin wannan sulhu ne masu sassaƙar zamani ke ta nema. Yau bulo da kwano sun kore yawancinsu.

Masu fasahar Amurka kuma ga yadda suka taɓa ƙasa. A 1977 Walter De Maria ya zuba baƙar ƙasa fiye da tan 120 a cikin wani bene a birnin Niyu Yok, zurfinta santimita 56, bango zuwa bango. Har yanzu tana nan, akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya yayyafa mata ruwa ya bi ta da manjagara. Na san manomin masakwa zai riƙe baki in ya ji wannan, ni ma na riƙe. Amma a garin da mutum zai yi wata bai taka ƙasa tsirara ba, ƙamshinta kaɗai abin zuwa gani ne. Michael Heizer shi kuma tsakanin 1969 da 1970 ya sa nakiya da katafila ya yanke manyan ramuka biyu a gefen wani tudu a hamadar Nebada, ya kwashe kimanin tan 240,000 na dutse da ƙasa, ya ce ramin shi ne aikin. Wannan bai kwanta mini ba. Nuna ƙarfin inji ne ya fi yawa a ciki.

Wadda ta fi burge ni ita ce Otobong Nkanga, haifaffiyar Kano a 1974, mazauniyar Beljiyam. Tana aiki da ƙasa da duwatsun ma'adini, tambayarta kullum ita ce: wannan abu mai ƙyalli daga ina aka haƙo shi, kuma wane rami aka bari a can? Har tsohuwar mahaƙar Tsumeb a Namibiya ta je don ta ga ramin da idonta. Tambayar ta shafe mu kai tsaye. A Bidzar, kusa da Figil a kan hanyar Garwa zuwa Marwa, akwai shimfiɗaɗɗun duwatsun mabul da mutanen dauri suka ƙwanƙwasa wa zane, da'ira cikin da'ira, tun zamanin da ba a rubuta ba. A wannan yankin ne kuma ake fasa dutse don siminti da tayil. Buhun simintin da aka zuba gunkin shataletale da shi yana da rami a bayansa.

Wuta kuwa, a je gefen gari a ga masu gasa tukwane. Na taɓa tsayawa kan wata dattijuwa tana jera randuna da tuluna baki a ƙasa, manya a tsakiya, ƙanana a gefe. Ta cusa busasshen kashin shanu a tsakaninsu, ta rufe da kara da ciyawa, ta tokare gefe da tsingaro. Ba ta kunna ba sai da rana ta yi sanyi iska ta kwanta, domin iska mai ƙarfi tana sa wuta ta ci gefe ɗaya, tukunya ta fashe. Da safe aka tone toka. Kowace randa ja ce, amma da gajimaren baƙi a kafaɗa ko a ciki, babu biyu masu kama ɗaya. Inda iska ta samu shiga, ƙarfen da ke cikin yumɓun ya yi ja. Inda makamashi ya manne ya toshe iska, hayaƙi ya shige jiki ya bar baƙi. Ta riƙa ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa tana saurare.

Na ce, "Inna, wannan baƙin ke kika tsara shi?"

Ta ce, "Ni na gina, wuta ta yi ado. Amma ni na san inda na ajiye kowace."

Wannan jimlar ta biyu ita ce amsar da yaron unguwarmu ya kasa ba mahaifinsa. Da zafi ya haura digiri 600, yumɓu ya rabu da ruwan da ke ɗaure a jikinsa, ba ya sake komawa laka ko da ya shekara a kogi. Dalilin da ya sa har yau muke da kayan Sao ke nan, mutanen da suka zauna kudancin Tafkin Chadi a bakin Shari da Logon, waɗanda Kotoko ke cewa kakanninsu ne. Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf sun fara tono su a shekarun 1930: ƙananan kawunan mutane da dabbobi na gasasshen yumɓu, da manyan randunan da ake binne mamaci a ciki. Wasu suna gidan tarihi na Njamena, da yawa suna Paris. A Gawi, ƙauyen Kotoko da ke gab da Njamena, mata suna nan suna ginin randuna. A wannan zamani kuma El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, ya yi shekaru yana yanka katako da zarton inji yana babbake shi da wutar walda, baƙin ƙunar ya zama launin aikin. Matan Fulanin Adamawa da ke zana ƙwarya da wuƙa mai zafi ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Ruwa ya fi kowa haƙuri. A Kola, kusa da Gidar, Mayo Luti ya rarake baƙin dutse ya yi masa lunguna da tukwane masu santsi, sai da rani in ruwa ya janye ake sauka a gani. Aikin da ya fi shahara a duniya a wannan fanni shi ne wanda Robert Smithson ya yi a 1970 a Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta, ya sa masa suna Spiral Jetty. Ya zuba baƙin dutse da ƙasa fiye da tan 6,000 ya yi hanya mai tsawon kusan mita 460, ta shiga cikin tafkin tana naɗewa kamar gammo. Ba a jima ba ruwa ya ƙaru ya haɗiye ta. Smithson ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1973, aikin ya yi ta zama a ƙarƙashin ruwa kusan shekara 30, yana ɗan leƙowa jefi-jefi, sai da fari ya zo a 2002 ya fito sosai. Da ya fito baƙin dutsen ya zama fari fat da gishiri. Ba Smithson ne ya shafa gishirin ba, amma shi ya zaɓi tafkin da ya san yana hawa yana sauka, ya kuma san abin da gishiri ke yi wa dutse.

Mu da muke maƙwabtaka da Tafkin Chadi mun fi kowa sanin wannan hali na ruwa. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, kuma tun daga nan yana ciko yana janyewa. Masunta sun koma noma a inda suka taɓa jefa taru. Da wani zai kafa jerin sanduna ko duwatsu daga tsohon bakin ruwa zuwa na yanzu ya bar tafkin ya riƙa rufe wasu yana buɗe wasu, da ya faɗi abin da rahoto mai shafi ɗari bai faɗa ba. Olafur Eliasson ya gwada irin wannan a Paris lokacin taron sauyin yanayi na 2015, ya jera manyan curin ƙanƙara 12 da aka ɗebo daga tekun Girinland, aka bar su suna narkewa a gaban jama'a. Mutane sun taɓa, sun kara kunne sun ji tana ƙara. Sai dai a cikin kwantenoni masu sanyi aka yi jigilarta dubban kilomita, da mai aka kawo ta don a yi wa'azi a kan ƙona mai. Wannan kam da sauran magana.

Iska ba ta da jiki, sai dai a ba ta abin da za ta kaɗa. Alexander Calder ya fara rataya faya-fayan ƙarfe a kan wayoyi a farkon shekarun 1930, ko numfashin ɗaki ya isa ya juya su, siffar aikin ba ta tsayawa wuri ɗaya. De Maria a 1977 ya kafa sandunan ƙarfe 400 a wani fili a Niyu Meziko, ya sa wa aikin sunan walƙiya, ko da yake aradu ba ta cika faɗa musu ba. Hasken asuba da na almuru a kan ƙarfen ne ainihin abin kallo. Mu kuwa iskarmu tana zuwa da kaya. Hazon hunturun da ke rufe Marwa da Garwa, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki ne, kuma babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Duk abin da ka kafa a waje cikin Janairu, kafin mako ta shafe shi da fari, in ɗanyen ice ne ta tsaga shi.

Yanzu ga inda ake zamewa. In yanayi yana cikin masu aikin, me zai hana a ce dutsen Rumsiki sassaƙa ne? Shi toshiyar bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi suka bar shi tsaye. Ko bakan dutsen Aloba a Ennedi ta ƙasar Chadi, mai tsawon kusan mita 120, a yankin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016? Ko ma surin gara? A'a. Waɗannan ikon Allah ne, sun fi ƙarfin a jingina su ga wani gwani. Abin da ya raba shi ne niyya da zaɓi. A 1967 Richard Long ya yi ta kai da komo a kan layi ɗaya a wani filin ciyawa a Ingila har sawunsa ya kwantar da ciyawar, ya ɗauki hoto. Burtalin da shanu suka tattake ya fi layinsa tsawo da zurfi, amma makiyayi mashaya ya nufa. Long layin ya nufa, ya zaɓi filin, ya zaɓi lokacin da hasken rana zai fito da shi, ya kuma yarda ciyawa ta miƙe ta shafe shi.

Niyya kaɗai kuma ba ta wadatar. A 1989 Jean Vérame ya je tsaunukan Tibesti na arewacin Chadi ya shafe manyan duwatsu da fenti, shuɗi da ja da sauransu, kamar yadda ya yi a Tafrawut ta Maroko a 1984. Ana lissafa shi cikin masu fasahar da ke aiki da ƙasa da dutse a fili, hotunan kuma suna da kyau. Ni dai ina ganin ya mayar da dutse allo ne kawai. Bai tambayi dutsen kome ba, bai bar masa rabo ba. Kuma tsaunukan nan suna ɗauke da zanen shanu da raƙuman dawa na dubban shekaru, ba su rasa mai yi musu ado ba.

Akwai wata fuska da ta shafi gidajenmu musamman. Iyaye da yawa ba sa son ɗansu ya karanci wannan fanni saboda tsoron gunki, kuma tsoron yana da tushe, hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu sura sanannu ne. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito wani ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin sura yake ci, ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in ba makawa to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Abin da na lura shi ne yawancin ayyukan da na ambata babu fuska, babu ido, babu gaɓa. Tsagar laka ce, da gishiri a kan dutse, da inuwar sanda. Maginan Hausa da suka ƙawata bango da dagi da zankwaye sun daɗe a wannan fili. Wanda yake son siffar mutum kuma ga Joseph-Francis Sumégné a Duwala, wanda a 1996 ya haɗa La Nouvelle Liberté mai tsawon mita 12 a shataletalen Deido da tarkacen mota da ƙarafan bola. An yi ta cece-kuce a kansa da farko, yanzu ya zama alamar garin, kuma tsatsar da damshin Duwala ke sa masa ta shiga cikin kamanninsa.

Saura batun ci. Abin da ruwa zai narkar ko ciyawa ta shafe, wa zai saya? A Turai da Amurka hoton ake sayarwa, ko wata gidauniya ta ɗauki nauyin wurin, kamar yadda gidauniyar Dia ke kula da ayyukan De Maria da na Smithson. A nan babu wannan. Mai sassaƙa a kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa yana yin abin da baƙo zai iya sawa a jaka, baƙin ma sun ja baya tun da rashin tsaro ya taɓa yankin. Abin da muke da shi wanda su ba su da shi shi ne sabo da gyara. Mai ɗakin ƙasa bai taɓa zaton ya gama gini ba, ya san bayan kowace damina akwai yaɓe, kuma ba ya kiran wannan asara.

Allon lakar yaron nan bai kai damina ba ma. Yayyafin farko na watan Mayu ya sauka da dare, da safe gidajen lakar sun kumbura sun haɗe bakinsu, babbar tsagar ta zama ɗan kwari mai santsi, yashin ya gangaro ya taru a kusurwa ɗaya. Ya ɗauki hoto, na goma sha ɗaya a jerin da yake ɗauka daga wuri guda kowace safiya da ya ga canji. Malaminsa hotunan ya karɓa ya ba shi maki. Tsohon kuma ya sa aka kankare ƙyauren aka mayar da shi ƙofar garken awaki, ya ce in za a sake a nemi na wani. Yanzu yaron yana bin direbobin Yagwa su ɗebo masa lakar bakin Logon a buhu, wai yana son ya ga ko tsagarta ɗaya da ta karal.